Sassauta, tausasa ko rangwanta?

Wata ɗalibar shari'a ta aiko da tambaya daga Zariya. Ta ce kullum tana cin karo da kalmar Ingilishi "mitigate" a littattafanta, kuma an gaya mata daga Latin ta fito. Tana son sanin asalinta da 'yan uwanta a can, da yadda za ta faɗe ta da Hausa, da karin maganar da ta dace da ita. Ta ce ta ji an fassara ta da "magance" a rediyo, amma abin bai kwanta mata ba.

Malama, kunnenki bai yaudare ki ba. Wanda ya magance abu ya raba ka da shi ke nan. Ita kuwa wannan kalma ba ta kawar da komai, zafinsa kawai take ragewa.

A Latin ana cewa "mitigare", haɗin "mitis", wato mai taushi, da "agere", wato aikatawa. Rumawa kan kira ɗan itacen da ya nuna ya yi laushi "mitis", kuma haka mawaƙinsu Virgil ya yi amfani da ita. Marubucinsu Cicero ma, da yake lissafa amfanin itacen wuta, da "mitigare" ya ambaci dafa abinci. Daga madafa da gona ta tashi ta koma kan fushi da ciwo da hukunci, sannan ta shiga Ingilishi a ƙarni na 15. Tana da abokan tafiya. Akwai "lenire", kwantar da zafi ta hanyar lallashi, da "mollire", lausasawa, da "sedare", kwantarwa, wadda danginta ne "sedative", sunan Ingilishi na maganin da likita ke bayarwa don majinyaci ya natsu. "Levare" kuwa rage nauyi ce, tushenta ɗaya da "alleviate".

A fagenku na shari'a, "sassauta" ce kalmar, kuma ba na ganin wadda ta kamo ƙafarta. Ki duba akuyar da aka ɗaure tam har igiya na shaƙe mata wuya. Mai ita ya zo ya sassauta ɗaurin, ta samu ta yi numfashi, amma tana nan a turke. Haka abin yake a kotu. Bayan alƙali ya tabbatar wa mutum da laifi, kafin ya yanke hukunci, akan ba shi damar magana, abin da lauyoyin Najeriya ke kira "allocutus", ita ma Latin ce. Sai lauya ya miƙe ya ce, "Ya mai shari'a, wannan ne karonsa na farko, ga mata ga ƙananan yara, kuma ya yi nadama." Roƙon sassauci ke nan. Kada ki rubuta "afuwa" ko "yafiya" a wurin, don su wanke mutum suke yi gaba ɗaya.

"Tausasa" ta fi kusa da asalin Latin ɗin, amma Bahaushe ya keɓe ta ga murya da harshe da zuciya. Ana tausasa harshe, ba a cika jin an tausasa hukunci ba. "Rangwame" ta kasuwa ce da ɗakin jinya: ɗan kasuwa ya yi miki rangwame, majinyaci kuma ya ce jiki da rangwame. Ga talauci da tsadar rayuwa, 'yan jarida sun saba da "rage raɗaɗi", kuma ta zauna. "Lafa" kuwa abin ne ke yi da kansa, kamar yadda ake cewa rikici ya lafa. Ga ambaliya, a ce rage ɓarnarta.

Karin maganar da zan ba ki ita ce "da hanau gara mannau". Wanda ya tsammaci shekara goma a gidan yari aka ba shi biyar bai samu abin da yake so ba, amma bai tashi a tutar babu ba.

Ki kuma kiyayi wata mai kama da ita, "militate", wadda ta fito daga "miles", wato soja, ma'anarta yin aiki gāba da abu. Masu Ingilishin ma kan rikita su su rubuta "mitigate against", abin da malaman nahawu da yawa ba su yarda da shi ba. In ta zo miki a jarrabawa, "militate" ce ke tafiya da "against".