Yaya zan shirya ɗalibaina na ɗinki su samu aiki?

Tambaya: Ni malama ce da ke koyar da darasin tufafi da saƙa a wata kwaleji a Kaduna. Ɗalibaina suna gamawa da sakamako mai kyau, amma masu shagunan ɗinki sun fi ɗaukar yaran da suka koya a hannun tela. Me zan gyara?

Amsa: Malama, mai shago ba ya raina takardar shaida, sai dai abin da yake aunawa daban ne da abin da jarrabawa ke aunawa. A aji ɗaliba tana iya shafe zango guda a kan riga ɗaya, a shago kuwa ana so ta fitar da riguna masu yawa iri ɗaya, awo bai kauce ba, kuma a ranar da aka yi wa mai kaya alkawari, musamman idan Sallah ta ƙarato.

Ya kamata ɗalibai su san inda aikin yake a yau. Masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) da aka buɗe a unguwar Kakuri ta Kaduna a 1957 ta tsaya tun 2002, sauran manyan masaƙun ma sun durƙushe, saboda haka aikin ya koma ƙananan wuraren ɗinki, masu yunifom na makarantu, kayan amare, abaya da kaftani na sayarwa a ɗinke.

Inda zan so ki fi ba da ƙarfi shi ne yanka. Mafi yawan telolinmu da alli suke zana awo kai tsaye a kan yadi, kuma wannan ƙwarewa ce ta gaske, amma ba ta wadatar idan aka ce a ɗinka riga ɗari masu girma daban-daban. A nan ɗalibarki za ta yi zarra, muddin ta iya fitar da samfurin yanka a takarda, ta ƙara masa girma ko ta rage bisa ƙa'ida, sannan ta jera shi a kan yadi yadda ƙyalle ba zai salwanta ba. Ki haɗa wannan da lissafin kuɗi: ki tura su Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi su tambayo farashin shadda, atamfa, zare da zif, su ƙara ladan aiki da kuɗin man janareto, su faɗi nawa za a sayar da rigar. A ganina ɗalibar da ba ta iya wannan ba ba ta gama karatu ba, ko da ɗinkinta ya fi na kowa kyau.

Sai kuma shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, da hukumar horar da ma'aikata ta ITF ke kula da shi, wanda yake wata 4 ga ɗaliban difloma, wata 6 ga yawancin na jami'a. Kada ki bari ya zama cike littafin rahoton aiki kawai. Ki nema musu wuri da kanki inda akwai keken masana'anta mai sauri, domin wadda ta saba da keken ƙafa takan rikice a kansa, kuma ki riƙa leƙa su.

Kafin su fita, kowace ta tanadi tufafi uku ko huɗu da ta ɗinka da hannunta tare da hotunansu masu kyau a waya. Mai shago zai juya rigar ya duba cikinta, baki, kwala da wurin zif, don haka ku ma ku riƙa ba da maki daga nan.