Yarana sun ce ba za su bi mu Masar ba

Anti, barka da aiki. Maigidana yana karatu a Jami'ar Azhar, kuma bayan Babbar Salla zai zo ya tafi da mu Alƙahira. Yarana biyu, mai shekara 9 da mai 6, da an ambaci tafiyar sai kuka. Na ce bari in saba musu da ƙasar tun daga nan. Na dafa koshari, wato shinkafa da taliya da adas (wani irin ƙaramin wake) a kwano ɗaya, suka ture. Na kunna musu waƙoƙin Ummu Kulsum, mawaƙiyar Masar, a waya, surukata ta shigo ta ce ina lalata mata jikoki. Yanzu ko gaisuwata da ƙyar take amsawa. Yaya zan yi?

Maman Yara, Mabera, Sakkwato

'Yar'uwa, niyyarki mai kyau ce, sai dai kin fara da abin da ya fi musu baƙunta. Yaron da ke jin tsoro, abin da ya sani yake nema.

Soborodon da suke sha kullum, can karkade ake kiransa. Miyar lalo kuwa ita ce mulukiyya, Misirawa ba sa wasa da ita. Ki dafa yadda kika saba, sai suna cikin lashe hannu ki gaya musu sunanta na can. Koshari ya jira tukuna. Ko manya ba duka ke son sa ranar farko ba.

Waƙar ma ki ajiye ta. Kunna ƙira'ar Abdulbasiɗ ko Husari, ki ce musu ƙasar waɗannan za mu. Jalalainin da ake tafsiri da shi a masallatanmu da azumi, Mahalli da Suyuɗi suka rubuta shi, dukansu Misirawa. Wannan kam Hajiya surukarki ba za ta yi gardama a kai ba. Ki samo kwali da takarda mai launi ku haɗa fanus, fitilar da yaran Alƙahira ke yawo da ita da azumi, kusan kamar tashenmu. Ƙaramin kuma ki ba shi laka ya gina dalar Giza a tsakar gida.

Hajiya kuwa, ba kiɗa ne ya ƙona mata rai ba, jikoki za a raba ta da su. Ki je ɗakinta ki durƙusa ki ba ta haƙuri. Maigida ya kira ta da kansa, ya faɗa mata yaushe za ku riƙa zuwa hutu, kuma kafin ku tashi a koya mata kiran bidiyo.