Amsa: Fam ɗin zinariyar da ka gada

Malam, ka ce ka gaji fam na zinariya mai hoton Sarki George na Ingila a gida can Ringim, kana tambaya ko ka goge shi. Don Allah kar ka goge, ko da toka ko omo. Guga na cinye zanen, masu tara tsofaffin kuɗi kuma zanen suke saye.

Fara aunawa. Na gaske giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22, karat 22. Maganaɗisu ba ya kama shi. In ya gaza giram 7.9 sosai, yi shakka, don ana ƙera na kwaikwayo.

Kar ka bari maƙeri ya karce shi a dutse, ko ya huda shi don sarƙa. Daga nan sai kuɗin nauyi kawai. Naɗe shi a auduga, shi kaɗai.