Ƙaramin lodi, amma batir na saurin sauka

Tambaya: Malam, na haɗa LM2596 (abin rage bolt) da batirin sola mai bolt 12 don ciyar da sensa mai jan miliamfa 10 a bolt 5, amma batirin na saurin sauka. Ina matsalar?

Amsa: LM2596 kan ci wajen miliamfa 5 don kansa, wato miliwat 60, alhali sensarka miliwat 50 take buƙata. Ka ga fiye da rabi ya tafi a banza. A irin wannan lodi, wutar kwayil (naɗaɗɗiyar wayar da ke haɗe da LM2596) kan faɗi zuwa sifili kowane zagayen kunnawa da kashewa, amma cin LM2596 ɗin ba ya raguwa. Sauya shi da MP1584, wani abin rage bolt mai tsallake bugu (wato rage yawan kunnawa da kashewa) idan lodi ya yi ƙasa. Cinsa kusan miliamfa 0.1 ne. Sai dai wutar da yake fitarwa kan ɗan yi rawa, don haka ƙara kafasita (abin da ke rage rawar wuta) na seramik mai maikurofarad 22.