Tambaya da Amsa: Wai Being John Malkovich fim ɗin aljanu ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam. Wani abokina ne ya turo min wani tsohon fim na Amurka mai suna Being John Malkovich yace wai na barkwanci ne, to ni dai na kalla har ƙarshe ban yi dariya ko sau uku ba, kaina ne ma ya ɗaure. Mutum ya shiga wani rami a ofis sai kawai ya tsinci kansa cikin kan wani mutum. Shin fim ɗin aljanu ne irin nasu na Turawa? Sannan yarinyar nan da aka nuna a ƙarshe tana iyo a ruwa, muryar waye ake ji? Dan Allah a warware min. Daga wani mai bibiyarmu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka kwantar da hankalinka, ba kai kaɗai bane, wannan fim ɗin tun da ya fito a 1999 yake ɗaure wa mutane kai, har su Turawan da aka yi shi da yarensu. Amma kafin na shiga bayani, duk wanda bai kalla ba kuma yana da niyya, to ya sani zan fasa ƙwai har ƙarshen labari. Sannan fim ne na manya, akwai wuraren da ba za ka so yara ko surukai su shigo falo ana nuna su ba.

Ba fim ɗin aljanu bane, babu aljani ko ɗaya a ciki, amma wallahi na gane abinda yasa tunaninka ya tafi can. Mu a wajenmu in aka ce wani abu ya shiga jikin mutum yana magana da bakinsa yana motsa hannunsa, ai iska muke kawowa a rai, shi yasa ma masu bori suke kiran wanda iska ta hau doki, in mace ce godiya. To a wannan fim ɗin John Malkovich, ɗan wasan fim na gaske da ya fito a matsayin kansa, shine dokin, sai dai masu hawan ba iskokai bane, mutane ne irina irinka, masu bashin haya da matsalar aure, da suka biya kuɗi suka bi layi. Kuma kyamarar ba wajen dokin take tsayawa ba, wajen mahayin take, tana tambayar me ya kore shi daga nasa jikin tun farko.

Bari na ɗan maimaita labarin saboda wasu abubuwan suna wucewa da sauri. Craig Schwartz, wanda John Cusack ya fito a matsayinsa, mai wasa da 'yar tsana ne, irin wadda ake ɗaura wa zare ana sarrafa ta daga sama. Gwani ne na gaske amma ba mai kallonsa, har akwai inda yake wasa a bakin titi wani uba ya ga abinda 'yan tsanar ke yi a gaban 'yarsa bai dace ba ya kai masa naushi. Matarsa Lotte, wato Cameron Diaz da aka hargitsa wa gashi har da yawa ba su gane ta ba, ta cika gidan da dabbobi, har da wani biri mai suna Elijah. Ita ce ta matsa masa ya nemi aiki, ya samu aikin jera fayil a kamfanin LesterCorp a birnin New York, a hawa na bakwai da rabi. Eh, da rabi. Sai ka tsayar da lifta tsakanin hawa na 7 da na 8 ka sa ƙarfe ka ɓanɓare ƙofar, in ka shiga kuma rufin ya yi ƙasa sosai kowa a duƙe yake tafiya. A bayan wata kabad ɗin fayil ne ya ga 'yar ƙaramar ƙofa, ya rarrafa ciki, sai gashi yana kallon duniya ta idon John Malkovich. Minti 15 ake yi, daga nan sai a tofo ka a gefen babban titin New Jersey Turnpike, cikin ciyawa.

To maganar rashin dariya. Mu mun saba da kwamedi wanda jarumi zai murguɗa fuska, ko ya faɗi, ko a sa wani ɗan kiɗa da zai gaya maka nan ne wajen dariya. Wannan kuwa kowa fuskarsa a murtuke take kamar ana zaman makoki, abin dariyar shine yadda ba wanda ya yi mamakin abinda ya kamata ace ya firgita kowa. Ka duba lokacin da Craig ya zo jiki na rawa yana gaya wa Maxine, abokiyar aikinsa da yake mutuwar so, cewa ya gano abinda zai rushe duk abinda aka sani game da rai da jiki. Ita ko a jikinta. Abinda kawai ta hango a ciki shine kasuwa, sai suka buɗe harka da daddare bayan an tashi ofis, dala 200 duk mutum ɗaya. Kuma mutane suka yi ta zuwa. Me suke samu a minti 15 ɗin? Malkovich yana cin burodi yana karanta jarida, Malkovich a cikin tasi, Malkovich yana odar tawul ta waya. Shikenan fa. Mutum ya biya dala 200 ya kalli wani yana zaɓen kalar tawul, ya faɗo a kwata yana godiya kamar an kai shi Makka. In ka sake kallo da wannan idon za ka ga inda dariyar take. Wani ɓangaren kuma gaskiya wasa da kalmomin Turanci ne, kamar sakatariyar ofishin da duk abinda aka faɗa mata sai ta ji wani abu daban, har ta sa mai kamfanin ya yarda shine harshensa ke da matsala. Irin wannan ko an fassara ba ya fitowa.

Zaɓen Malkovich ɗin ma da gangan ne. Shi mutum ne na gaske, ɗan wasan Amurka, ya yi Dangerous Liaisons a 1988, ya yi In the Line of Fire a 1993, masu kallon fim ɗin faɗa kuma za su tuna shi a Con Air, shine mugun nan mai sanƙo. Sananne ne amma ba irin sanin da za ka iya lissafo finafinansa ba, fim ɗin ma ya yi ta tsokanarsa da haka, direban tasi yace masa ai na ganka a fim ɗin nan da ka fito ɓarawon gwala-gwalai, shi kuma yace bai taɓa yin wannan fim ɗin ba, amma maganar ta ƙi mutuwa. Kaga kenan masu biyan kuɗin nan ba Malkovich suke so ba, da yawansu ba su ma san shi sosai ba. So suke kawai su huta da kansu na minti 15. Ni a ganina duk fim ɗin a nan yake.

Wanda ya rubuta labarin Charlie Kaufman ne, kuma shine fim ɗinsa na farko, haka shima daraktan Spike Jonze wanda kafin nan bidiyon waƙoƙi aka san shi da shi. Rubutun ya daɗe yana yawo ba wanda ya yarda ya zuba kuɗinsa, sai da ya faɗa hannun babban darakta Francis Ford Coppola, shi kuma ya miƙa wa Jonze wanda ya auri 'yarsa Sofia a 1999. Daga ƙarshe fim ɗin ya shiga takarar Oscar a gurbi uku, na darakta, na rubutun labari, da na Catherine Keener da ta fito a Maxine. Bai ci ko ɗaya ba, amma Kaufman ya ci kyautar BAFTA ta Ingila.

Yanzu ka lura da wani abu da mutane ke tsallakewa. Ƙofa ɗaya ce, kai ɗaya ne, amma duk wanda ya shiga abinda ya fito da shi daban. Lotte ta shiga ta fito tana cewa yau ne ta fara jin ta zauna daidai a cikin jiki, har ta fara tunanin ko dama namiji ya kamata ta zama, daga nan ta kamu da son Maxine. Ita Maxine ko sha'awar shiga bata yi, ita daɗinta shine ta kalli idon Malkovich ta san mutum biyu ne ke kallonta a lokaci ɗaya, shi yasa tace tana son Lotte amma sai in tana cikin Malkovich. Craig kuma da yake sana'arsa jan zare ce, shi kaɗai ne ya gano ba kallo kawai ake yi ba, ana iya tuƙawa. Kishi ya kwashe shi har ya kulle matarsa a kejin biri ya je ya shiga a madadinta. Kaga ƙofar bata canza kowa ba, hali zanen dutse, abinda ke cikin mutum ne kawai ta fito da shi fili.

Wajen da ya fi min ciwo kuma ya fi bani dariya shine bayan Craig ya ƙi fita, ya zauna a jikin Malkovich wata 8, ya auri Maxine, ya sanar wa duniya cewa Malkovich ya bar fim ya koma wasan 'yar tsana. Nan take aka ce ba a taɓa gwani irinsa ba, ana shirin talbijin a kansa, manyan jarumai na yabonsa. Hannun dai shine, wasan shine wanda aka naushe shi a kansa a bakin titi, fuska da suna kawai aka canza. Duk wanda ya taɓa kai aikinsa aka watsar, sannan wani mai suna ya kawo irinsa aka tafa masa, zai ji wannan wajen a ƙirjinsa. Kuma duk da haka Craig bai samu abinda yake nema ba, Maxine tana gidan amma hankalinta na wajen Lotte.

Akwai kuma sin ɗin da kowa ke tunawa, inda shi Malkovich da kansa ya gano ana kasuwanci da kansa, ya zo a fusace ya shiga ƙofar. Sai ya faɗo wani gidan cin abinci inda kowa fuskarsa ce, macen da ke gabansa, mai kawo abinci, mai waƙa a kan fiyano, har yaro, kuma ba kalmar da ke fita bakin kowa sai Malkovich, takardar jerin abincin ma daga sama har ƙasa Malkovich. Wasu suna cewa tsokanar son kai irin na 'yan fim ne, hakane, amma ni abinda nake gani ya wuce nan, kowa yana gudun kansa zuwa kan Malkovich, shi kuma Malkovich ba shi da inda zai gudu. Bayan ya faɗo a gefen titi yana ihu cewa kansa ne fa, a rufe ƙofar nan, sai wani a mota ya jefe shi da gwangwani a ka. Ko a nan ba a bar kan ya huta ba.

Sai tambayarka ta ƙarshe. Tsohon nan mai kamfanin, Dakta Lester, wanda yace shekararsa 105 wai ruwan karas ne sirrin, ƙarya yake. Shine Kyaftin Mertin, mutumin da ya gina benen da kamfanin yake ciki, ya daɗe yana tsallakawa daga jiki zuwa jiki ta wannan ƙofar don kar ya mutu. Ƙa'idar itace jikin yana nuna ne ranar da mai shi ya cika shekara 44, dole ka shiga kafin 12 na daren ranar, in ka makara to ƙofar ta riga ta juya zuwa jiki na gaba, wanda jariri ne, kuma a nan ba ka da iko da komai, sai dai ka zauna ciki kamar fursuna. Lester da tawagar tsofaffin abokansa suna jiran ranar Malkovich, Craig kuma ya tare musu waje, shine suka sace Maxine don ya fita. Da farko ya ƙi, daga baya ya fita yana tunanin hakan zai sa ta so shi, tsofaffin suka dunguma ciki. Yana faɗowa sai ya ga Maxine ta tafi da Lotte, don ta riga ta gaya mata cikin da take ɗauke da shi an same shi ne lokacin da Lotte ce a cikin Malkovich. Sai ya ruga ya koma ƙofar, bai san lokaci ya wuce ba.

To yarinyar da ka gani bayan shekara 7, Emily, 'yar Maxine ce, kuma itace jiki na gaba. Muryar da kake ji ta Craig ce, yana cikinta a kulle, yana kallon Maxine da Lotte suna zaune cikin jin daɗi a bakin ruwa, yana kiran sunan Maxine ba mai jinsa, yana roƙon idon ya kau da kai, idon kuma ba nasa bane balle ya juya shi. Mutumin da ya fara fim yana jan zaren 'yar tsana kenan. Kuma kar ka manta kafin wannan an nuna Malkovich, wanda yanzu Lester da mutanensa ne a ciki, yana nuna wa abokinsa, ɗan fim Charlie Sheen, hotunan Emily, ma'ana ita ma ana jiran ta cika 44.

In za ka sake kallo, ka tsaya sosai a minti biyar na farko, rawar da 'yar tsanar Craig ke yi a ɗaki tana fasa madubi, ka kalli fuskarta da kyau, fuskar shi Craig ɗin ce. Can gaba za ka ga Malkovich da tawul a ƙugu yana yi wa Maxine wannan rawar sak.