Laftof ɗina ba ta da ƙarfi, ta yaya zan gwada zafin gini tun a zane?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a sashen zanen gine-gine na ABU, Samaru. Ina son sanin irin zafin da gidan da na zana zai yi, amma laftof ɗina mai RAM 4GB da na buɗe manhajar lissafin sai ta sandare. Sai na sayi sabuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Yanzu akwai manhajojin da ke yin lissafin a manyan kwamfutocin kamfani can nesa, abin da ake kira gajimare. Kai dai ka tura zane ta burauza, su dawo maka da sakamako. Autodesk Forma, da ta fito a 2023, an yi ta ne don matakin farko na zane: rana, inuwa da iska. SimScale ta Jamus tana nuna yadda iska ke ratsa ɗaki, kuma tana da tsarin kyauta, sai dai kowa zai iya ganin aikinka. EDGE ta IFC, wani reshe na Bankin Duniya, ita ma kyauta ce, ma'auninta rage wuta da ruwa da kashi 20 cikin 100.

Abin da nake son ka kama shi ne lokacin gwajin. Kada ka bari sai ka gama ƙawata zane. Yi shi tun ginin yana siffar akwati kawai, ka juya shi, ka rage tagogin yamma, ka ƙara tsawon bakin rufi, ka sake gwadawa. Da an kai linta, gyara ya koma na gatari.

Zariya tana kusan digiri 11 arewa da ikwaita, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana kan bi ta arewa da tsakar ka. Bangon arewa da littattafan Turai ke cewa ba ya ganin rana, a nan yana sha. Don haka duba bayanan yanayin da manhajar ta ɗauka, ka tabbata na nan ne. Kuma ka gwada kaurin bangon tubali irin na cikin birni a gefen bulo da kwano, ka ga bambancinsu a zafin Afrilu da sanyin hunturu.

Data za ta ci, musamman wajen tura zane, to ka cire kujeru da bishiyoyin ado kafin ka tura. A waya kuwa sakamako kawai za ka iya dubawa, zanen sai a laftof.