Kada ka kai ta wurin 'yan gwangwan tukuna

Ka ce tsohuwar kwamfutar nan da aka kawo jiya ka kunna ta, gilashi ya kawo haske kore fayau babu rubutu, ka sa faifai ta yi ƙara ta yi shiru, don haka kana ganin bod ɗin ya ƙone, ko a fasa ta a cire abin da zai yi amfani. A'a, yaro, ajiye sukundireban nan tukuna.

Wannan Amstrad PCW 8256 ce, kamfanin Alan Sugar na Ingila ya fito da ita a 1985. Fam 399 aka sayar da ita a shekarar, ban da haraji, kuma da firinta da komai. A lokacin, wanda zai sayi kwamfutar IBM sai ya ninka kuɗin nan sau da yawa, shi ya sa ƙananan ofisoshi da marubuta suka yi mata ca, suka jingine tafireta. Kuma arhar nan ita ce ta ruɗe ka. Don a rage kuɗi, ba a sa mata manhajar da za ta nuna rubutu da an kunna ba. Komai yana kan faifai: gefe ɗaya LocoScript na buga takardu, ka juya shi ka samu CP/M Plus, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. In ba ta karanta faifan ba, haka za ta tsaya tana kallonka, alhali Z80 ɗinta, wato ƙwaƙwalwarta, da ma'ajiyarta mai kilobait 256 lafiya lau suke.

To me ke hana ta karantawa? Kusan kullum bel ne. Akwai wani siririn bel na roba a cikin gidan faifan, shi ke juya shi. Shekara arba'in roba ba ta jurewa, ko ta saki, ko ta narke ta zama kamar kwalta. Ka kasa kunne: za ka ji injin yana gudu, faifan kuwa ko motsi. Ka cire gidan faifan, ka ɗaga ɗan bod ɗin ƙasansa a hankali, ka kankare baƙin dankon da auduga da sifirit har ƙarfen ya yi ƙyalli, sannan ka sa sabo. Kada ka yi mini dabarar kyauron ɗaure kuɗi, yau ta tashi, jibi ta dawo mana.

Akwai wani ɗan tsinken ƙarfe a wurin, bai kai rabin ashana ba. In ka kifa gidan faifan, zamewa yake ya faɗi. Ni kaina na taɓa wuni ina rarrafe a ƙasan tebur ina nemansa, don in babu shi ba ka da tabbacin za ta yarda ta yi rubutu a kan faifai. Shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka fara.

Faifan ma inci 3 ne, ba inci 3.5 da ka saba gani ba. In ka ce za ka sa mata gidan faifai na kwamfutocin baya, ka gwada wayoyin da mita, don layin bolt 5 da na 12 a juye suke. Jonawa ɗaya, sai hayaƙi.

Sannan babban bod ɗin a cikin akwatin gilashin yake, kusa da kwalbar, irin ta tsohuwar talabijin, kuma tana riƙe wuta ko an zare soket. Wannan ɓangaren ba za ka buɗe kai kaɗai ba. Jira in idar da sallar la'asar mu buɗe tare, kafin nan ka kira mai ita ka tambaye shi ko faifan farko na LocoScript yana cikin kwalin.